Kuregen Formby

Da hantsi muka bar Liverpool, jirgin ƙasa na jijjiga mu,
Goggo Tabawa ta rungume kular dambu a cinya
kamar wani ya ce zai ƙwace.
Wata uku da zuwanta daga Yawuri,
ba ta ga ruwa ba sai na famfo
da wanda sama ke zubowa babu sallama.

A bakin daji Munzali ya ɗora yatsa a leɓe.
Malamarsu ta ce akwai jan kurege a nan,
kaɗan suka rage, a taka a hankali.
Goggo ta yi dariya har mayafinta ya zame.
Kurege? Shi muka biya kuɗin jirgi mu gani?
Wanda ya hana ni gyaɗa damina uku a jere?
Ga shi har allo an kafa masa,
wai kada a dame shi.

Sai ga shi a reshe,
ja wur kamar lallen da ya kwana a hannu,
da tukku a kowane kunne,
yana juya abu a tafinsa kamar mai duba kuɗin jabu.
Yara suka daina numfashi.
Goggo ta daɗe tana kallonsa, ta ce,
Sannu, ranka ya daɗe.
Kowa da garin da ake ganin girmansa.

Muka hau tudun yashi, taku biyu gaba, ɗaya baya,
Barira ta riƙe takalman kakarta,
ni na riƙe gwiwar hannunta.
Da muka kai ƙololuwa ta tsaya tana haki:
To, ina ruwan?
Can nesa yake, siriri kamar zaren azurfa.
Na ce ya janye ne, da la'asar zai komo.
Ta ce Kwara ba ta taɓa tafiya unguwa ta bar jiragenta a ƙasa ba.

Wani dattijo mai kare ya yafito mu.
A cikin taɓo mai duhu ya nuna mana sawu,
na mutanen da suka wuce tun ba a san lissafi ba,
ruwa ya tone su yau, gobe ya shafe.
Goggo ta ajiye ƙafarta kusa da ɗaya, daidai wa daida.
Mace ce, in ji ta, kuma da goyo,
dubi yadda dunduniyar ta nutse.
Na fassara wa dattijon.
Ya cire hularsa, bai ce komai ba.

Muna cin dambu farin tsuntsu ya kawo sura,
ya tafi da cinyar kazar Suwaiba.
Ashe nan ma da shirwa, an dai yi mata wanka ne.
Barira ta gina gida mai zaure,
Munzali ya haƙa masa rijiya, rijiyar ta kawo ruwa da kanta.

La'asar ta yi, muka ba teku baya muka kabbara,
iska na ɗage gefen darduma.
Kafin mu sallame muna jinsa yana matsowa,
ya ci zauren Barira, ya rufe sawun matar nan.
Goggo ta tattare zane ta shiga har idon sawu,
ta ɗanɗana, ta tofar:
Wanda ya yi miyar nan hannunsa ya zarce.
Amma ba ta fito ba
sai da sanyi ya kai mata ga haƙori.

A hanyar komawa ta ce mu yi gaba, tana zuwa.
Na waiga.
Ta kwance bakin zane a gindin itacen,
ta zube gyaɗa uku.
Na ce, Goggo, kada ma'aikata su gan ki.
Ta ce ba ciyarwa ba ce,
tsohon bashi ne na zo in ce na yafe.